Surukar Mai Sito

Shekara ashirin da shida Inna Mai Sito ta yi tana riƙe da babban ɗakin ajiya na hukumar agaji, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ko tsinken ashana ya fita ƙofarta ba takarda ba. Gajeriya ce mai jiki, muryarta ta fi ta girma. Leburori kan ce idan ta tsaya bakin ƙofa ta riƙe ƙugu, ko ɓera sai ya nuna izini kafin ya wuce. Ta san ana faɗa, ba ta kuma jin haushi.

A gida suna zaune su huɗu: ita, da autanta, da matarsa, da 'yarsu mai shekara huɗu wadda Inna take kira Ƙawata. Auta ya taɓa zuwa aikin lantarki wata ƙasa can bayan iyaka, ya yi shekara biyu, ya dawo da akwati ɗaya da mata. Inna ba ta hana ba, amma ba ta yi guɗa ba. Yarinyar tana da ladabi, ba ta da ƙiwuya, ta kuma dage ta koyi magana, sai dai har yau harshenta bai gama miƙewa ba. Sai ta ce "Inna ya dawo," ko "Auta ta fita," yaran unguwa su yi ta dariya. Mutane suka sa mata Baƙuwa, sunan ya bi ta shekara shida. Ita Inna "matar Auta" take ce mata. Tsakaninsu gaisuwa ce, da "ga abinci", da "an gode". Ba faɗa, ba hira.

Wata Litinin da safe suna shan shayi, talabijin na ta surutunsa, sai aka nuno ruwa. Ruwa ne ja, shimfiɗe har inda ido ya tsaya, rufin gidaje na leƙowa kamar kwanukan da aka kifa. Aka nuno wata gada da mutane suka cika maƙil, kowa da ƙulli a ka. Baƙuwa tana zuba wa mijinta shayi a lokacin. Kofin ya cika, ya tumbatsa, ya malale kan tebur, ita ba ta sani ba.

"Ke, hannunki!" in ji Inna.

"Gadarmu ne," Baƙuwa ta ce a hankali. "Inna, gidan mamana yana ƙasan wannan gada."

Daga ranar waya ba ta bar hannunta ba. Ta kira mahaifiyarta, ta kira ƙanwarta, ta kira maƙwabta da duk wata lamba da ta taɓa ajiyewa. Ko ɗaya ba ta shiga. Auta ya je ofishin jakadancin ƙasar sau biyu, aka rubuta sunaye aka ce ya je za a neme shi. Baƙuwa ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Tana shara, tana girki, tana yi wa 'yarta wanka, amma kwanonta yadda aka zuba haka ake ɗauke shi.

Rana ta uku gwamnati ta ba da sanarwar za ta aika taimako: manyan motoci talatin, da ayarin likitoci. Kafin azahar sito ya koma kasuwa. Buhunan shinkafa har rufi, barguna, gidajen sauro, tamfol, bokitai, katan-katan na magani. Inna na tsakiya da allonta na rubutu tana ba da umarni.

"Wannan layin na mota ta bakwai ne! Kai, tamfol ake sawa a ƙasa, ba magani ba. So kake ka kai musu gari?"

Ana cikin haka shugabar ayarin lafiya ta zo ta same ta. Likita ce matashiya, siririya, mai saurin magana. Ta buɗe wani katan ta zaro fallen ƙwayoyi farare.

"Inna, dubi nan. Ƙwayar tsabtace ruwa ce, a jarka ake jefa ta. Amma bayanin da ke jiki ba da harshen mutanen can aka rubuta ba. Ga ta fara, ga ta cikin leda kamar maganin ciwon kai. Wallahi wani haɗiya zai yi, ko ya ba yaro."

"To, a fassara mana."

"Mai fassarar ma'aikatar ya tafi hutu. An ce in rubuta takarda, za a duba nan da mako guda. Mu kuwa jibi za mu tashi."

Inna ta juya fallen a hannunta.

"Akwai wata a gidana," ta ce.

Washegari da safe ta leƙa kicin ta tarar da surukarta zaune kan kujera 'yar tsugunno, waya a cinya.

"Matar Auta, tashi ki sa mayafi. Aiki za ki taya ni."

Aka ba Baƙuwa tebur a lungun sito, kusa da taga. Likita ta yi mata bayani sau ɗaya: ƙwaya ɗaya a jarka babba, a girgiza, a jira rabin awa, kada a haɗiya. Baƙuwa ta ɗauki biro. Inna na can nesa tana ƙirga barguna, amma idonta na kan teburin. Abin da ta gani ya ba ta mamaki. Hannun yarinyar gudu yake yi a kan takarda, rubutu tsaf kamar na inji, tana karantawa a ƙasan maƙoshi da harshensu, kalmomi na zubowa ba gargada ko ɗaya. Can ta ɗago.

"Likita, rabin awa ba zai yi ba. Agogo ya tafi da ruwa, waya ya mutu. Zan rubuta a jira kamar yadda shinkafa yake dahuwa. Kowane mace ta san wannan."

Likita ta yi dariya. "Rubuta haka."

"Kuma tsofaffi ba su karatu. Zan zana."

Ta zana jarka, ta zana hannu yana jefa ƙwaya, ta zana tukunya a kan wuta, sannan ta zana baki a buɗe ta ja masa layi biyu a giciye. Leburori suka taru suna leƙe. Dogo, shugaban direbobi, wani baƙin mutum mai furfura a gemu wanda shi kaɗai yake iya tsokanar Inna ya kwana lafiya, ya ce, "Wannan bakin ai na Inna ne, ga shi nan a buɗe tana faɗa."

"Za ka ci gidanku," in ji Inna, ba ta ko juyo ba.

Likita ta tambayi Baƙuwa inda ta koyi zane. Ta ce ai malamar firamare ce a garinsu, shekara biyar tana koyar da 'yan aji biyu kafin ta yi aure. Inna ta ji maganar ta sauka mata a ƙirji. Ta san da haka. Auta ya faɗa mata tun farko, ta ji da kunne ɗaya ta watsar. Shekara shida tana kallon yarinyar nan kamar mai nauyin kai, don kawai tana cewa "ya" a inda ake cewa "ta".

Aka kai takardar injin kwafi, aka buga dubbai. Wuni guda mata shida suna yanka suna liƙawa a jikin kowane ƙunshi, Baƙuwa na gaba. Da Daraktan hukumar ya zagayo duba aiki, ya tsaya ya yaba, ya tambaye ta ko akwai abin da ta ga an manta. Inna ta zaci za ta sunkuyar da kai. Sai ta ji ta ce:

"Ranka ya daɗe, bargo ya yi yawa. Garinmu zafi ne. Mata suna son zani, da audugar mata, da silifa saboda ƙasa duk kwalba da ƙusa. Da tukunya mai murfi."

Darakta ya sosa ƙeya ya ce barguna an riga an saya, ba yadda za a yi. Amma ya sa aka rubuta sauran, kuma kafin la'asar wata ƙaramar mota ta kawo dilolin atamfa da buhunan silifa. Tukwane dai ba su samu ba.

Ranar tashi, tun da hantsi motoci suka yi layi a harabar hukuma, an liƙa musu tutoci da kyallaye. Inna na tsaye bakin mota ta ƙarshe ana shirin rufewa, sai ga Baƙuwa da wani ɗan ƙulli a hannu, ta ɓoye shi rabi cikin mayafi.

"Inna, don Allah. Zani biyu ne, da maganin hawan jini na mamana, da hoton jikarta. Ƙarami ne. A sa a lungu."

Inna ta dubi ƙullin, ta dubi allon da ke hannunta.

"Ba ya cikin takarda," ta ce. "Motar nan kayan gwamnati ne zuwa ga gwamnati. Ko na sa, a rumbunsu za a sauke, wa zai san na wane ne?"

Baƙuwa ta ce, "To, Inna." Ta mayar da ƙullin cikin mayafi ta koma lungunta ta zauna.

Aka rufe mota, aka buga hatimi. Inna ta sa hannu a takarda, amma sai da ta sake sa hannun don na farko ya karkace. Ta shiga ofishinta ta tsaya kamar mai neman wani abu. Sannan ta ɗauko mayafinta mai kauri da take ajiyewa a bayan kujera, wanda babbar 'yarta ta kawo mata tsaraba, ta fito ta miƙa wa surukarta hannu.

"Kawo."

Ta naɗe ƙullin cikin mayafin, ta nufi motar Dogo. Yana zaune yana goge gilashi.

"Dogo, jakar kayanka ta gwamnati ce?"

"A'a, Inna. Ko wandon da ke ciki ni na saya."

"To buɗe."

Ta cusa ƙullin, ta ba shi wani hoto da Baƙuwa ta ciro daga jakarta: wata dattijuwa doguwa tana tsaye bakin ƙofa, ta kare rana da hannu. A bayan hoton an rubuta sunanta da sunan unguwarsu.

"Duk inda kuka sauke kaya ka nuna. Ban ce ka bar aikinka ba. Amma bakinka da ba ya hutawa, ga abin da zai yi."

Dogo ya dubi hoton, ya dubi Baƙuwa da ke tsaye bayan Inna. Wasan ya bar fuskarsa.

"'Yata, in tana inda mota ko ƙafa za ta kai, zan kai."

Motoci suka tashi ɗaya bayan ɗaya, 'yan jarida na ɗauka. Da ƙurar ta lafa, sito ya yi fayau, sai tattabaru na tsintar shinkafar da ta zube.

Jiran ya fi aikin wuya. Dogo ya kira rana ta huɗu ya ce sun tsallaka iyaka. Ya sake kira rana ta bakwai ya ce hanya ta yanke, a kwale-kwale ake ƙarasa da kaya, ya nuna hoto a sansani uku ba wanda ya gane ta. Inna, wadda ba ta taɓa barin sito da rana ba sai ranar da mijinta ya rasu, ta fara komawa gida cin abincin rana. Sai ta zuba a kwano ɗaya ta ce, "Ni ba na iya ci ni kaɗai, zo ki taya ni." Baƙuwa ba ta iya yi mata musu, sai ta ci loma biyar, shida.

Ranar Asabar Inna ta lura kan yarinyar ya cukurkuɗe, kitson ya tsufa tun kafin ruwa. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar baranda, ta ɗauko mataji da mai.

"Zauna nan."

"Inna, ni zan yi..."

"Na ce zauna."

Ta tsefe mata a hankali, tana warware ƙulli da yatsa don kada ya yi zafi. Ƙawata na gefe tana yi wa 'yar tsanarta irin haka. Can Baƙuwa ta fara ba da labari, ba tare da an tambaye ta ba. Ta ce mahaifiyarta kifi take soyawa a bakin gada tun suna yara, da shi ta yi musu makaranta. Ta ce uwar ba ta iya iyo ba, ga ciwon gwiwa. Ta ce ranar da za ta taho, uwar ta raka ta tasha ta ce mata, uwar mijinki ita ce uwarki a can, ki riƙe ta ko ba ta riƙe ki ba.

Hannun Inna ya tsaya cikin gashin. Ta ji kafaɗun yarinyar sun fara rawa a jikin gwiwoyinta. Ba ta ce ta yi shiru ba. Ta ajiye matajin, ta jawo kan yarinyar ta kwantar a cinyarta, ta bar ta ta yi kukan da ta riƙe kwana goma sha biyu.

"Yi, 'yar nan," kawai take cewa. "Yi abinki."

Rana ta goma sha ɗaya da tafiyar motoci, wajen ƙarfe sha biyu, Inna na sito wayarta ta yi ƙara.

"Inna, kina tsaye ko kina zaune?"

"Dogo, in ka ja mini rai sai na ci mutuncinka. Faɗi."

"Na gan ta. Ga ta nan gabana."

Inna ta nemi buhu ta zauna. Dogo ya ci gaba da zuba, muryarsa na yankewa tana dawowa. Wata makaranta ce a kan tudu, mutum ya fi dubu a ciki. Ya yi ta yawo da hoto har mata suna masa dariya, sun ɗauka matar aure yake nema. Sai wata mai sayar da itace ta karɓa ta duba, ta kama hannunsa ta ja shi har aji na ƙarshe. Tsohuwar tana nan da rai, ƙusa ta soke ta a ƙafa amma Likita ta wanke ta ɗaure. Ƙanwar ma tana nan da jaririnta. Gidan ya tafi gaba ɗaya. Mijin ƙanwar kuma, shi ya fito da su, ya koma ɗauko wata maƙwabciya, bai dawo ba. An samu gawarsa an binne.

Inna ta yi salati. Kafin ta ce wani abu, Dogo ya ce, "Ga ta, ta ƙwace wayar."

Wata murya ta shigo kunnenta, tsohuwa, a dishe, tana magana da sauri cikin harshen da Inna ba ta san ko kalma ɗaya ba. Sai dai ta ji sunan surukarta a ciki, ta ji na Auta.

"Lafiya lau take," Inna ta ce da ƙarfi, kamar ƙarfin zai sa a gane. "Tana ci, tana sha. Jikarki ta yi wayo, sai surutu. Sannu. Sannu da wannan abu. Allah ya jiƙan wanda ya rasu."

Matar ta amsa da nata. Inna ta sake cewa sannu. Haka suka yi ta yi, wannan ta faɗa, waccan ta faɗa, ba mai jin ta wani, ba kuma mai son ajiyewa. Matar ta yi kuka, ta yi dariya, Inna ma ta tsinci kanta tana share ido da gefen mayafi, leburori sun juya baya suna gyara buhunan da ba su buƙatar gyara.

Da Dogo ya karɓi wayar ta ce, "Kada ka motsa daga nan. Ka ba ni minti ashirin."

Ta bar wa mataimakinta sito a buɗe, ta tare tasi a bakin titi. Ta tarar da Baƙuwa tana shanya. Ba ta ɓoye mata komai ba: ta riƙe hannayenta biyu ta faɗi na daɗin, ta faɗi na baƙin cikin, sannan wayar ta yi ƙara ta miƙa mata. Inna ta ɗauki Ƙawata suka fita ƙofar gida, ta saya mata alewa, suka zauna a dakali har aka gama.

Bayan mako uku gwamnati ta shirya ayari na biyu, wannan karon har da tukwane. Likita ta aiko takarda tana neman mai fassara, ta kuma rubuta sunan wadda take so. Auta ya yi ta jan ƙafa: hanya ba kyau, ga cututtuka, ga yarinya ƙarama.

"Yarinya tana da kaka," in ji Inna. "Kai da ka je can ka ɗauko 'yar mutane, hanyar kyau gare ta a lokacin?"

Baƙuwa ta tafi da rigar ma'aikata da kati a wuya. Mako biyar ta yi tana tsayawa tsakanin likitoci da marasa lafiya, tana kwana aji ɗaya da mahaifiyarta. Ta dawo ta rame ta yi duhu, amma muryarta ta buɗe, har tana katse Auta a tsakiyar magana. An yi an yi da tsohuwar ta biyo ta, ta ƙi. Ta ce an ba su fili a kan tudu, ba za ta bar ƙaramar 'yarta da takaba da jariri ba. Amma ta ba da saƙo.

"Ta ce in gaya miki, idan an yi rufi, ɗaki ɗaya naki ne. Ta ce ba ta yarda da gaisuwar waya ba, sai ta ga fuskarki."

Inna ta ce, "Ni da ban taɓa tsallaka iyaka ba? Da tsufana?"

Ba ta ƙara tayar da maganar ba har wata biyu. Rannan da safe ta ce wa surukarta ta raka ta unguwa, sai ga su a ofishin fasfo. Layi ya yi tsawo, suka samu benci. Baƙuwa ta ɗora fom a gwiwa tana cikewa, tana tambaya Inna na amsawa: shekarar haihuwa, aiki, adireshi.

"Saura ɗaya, Inna. Sun ce wa za ki je wurinsa, kuma mene ne shi a wurinki."

Inna ta gyara zama, ta dubi layin da ke gabansu.

"Rubuta 'yar'uwata," ta ce. "Ki yi sauri, an kusa zuwa kanmu."